Daga Kuwala Lumfur zuwa Kakuri: yadda faɗuwar bankin Amurka ke taɓa aljihunmu

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mutanen Kaduna, barkanmu da war haka. Yau daga Kuwala Lumfur, babban birnin Maleshiya, nake magana, ku yi haƙuri da ƙarar motoci. Tambayar da ake yawan turo mini ita ce: me ya haɗa bankin da ya durƙushe a Amurka da farashin kaya a Kasuwar Gumi?

Abin ya samo asali tun 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo SAP, wato shirin sauya fasalin tattalin arziki, aka karya darajar naira, aka sassauta shigo da kaya. Daga baya, a 2005, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Soludo, ya matse bankuna 89 suka koma 25, kowanne sai da jarin naira biliyan 25. Wanda ya manyanta zai tuna lokacin: bankunan titin Ahmadu Bello cike da masu sayen hannun jari, ma'aikacin gwamnati, ɗan fansho, har da mai cin bashin banki don ya sayi hannun jarin banki. Turawa ma suka kwararo da kuɗinsu. Amma irin wannan kuɗi baƙon kasuwa ne, ba ya kwana.

Satumban 2008 wani babban bankin Amurka, Lehman Brothers, ya rushe. Gangar mai da ta kai dala 147 a watan Yuli ta faɗo ƙasa da 40 kafin shekara ta ƙare. Masu kuɗin waje suka sayar, suka karɓi dalarsu suka tafi. Kasuwar hannun jari ta Legas ta zubar da kusan kashi biyu cikin uku na darajarta a shekara guda, dala ta tashi daga wajen naira 118 zuwa kusan 150. A 2009 sai da Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya zuba naira biliyan 620 don ceto bankuna. Ɗan fanshon nan kuwa, wa ya ceto shi?

To ga dalilin da ya sa na ɗauki wannan bidiyo a nan. Su ma Maleshiya irin wannan guguwa ta same su a 1997, da kuɗin Tailan ya karye gobarar ta ci maƙwabta. Indunusiya ta karɓi bashin Asusun Lamuni na Duniya (IMF) da sharuɗɗansa, shugabanta Suharto ya sauka a Mayun 1998. Firaministan Maleshiya na lokacin, Mahathir, ya ce shi bai yarda ba. Satumban 1998 ya ɗaure kuɗinsu, ringit, a kan 3.80 duk dala, ya hana masu zuba jari na waje fitar da kuɗinsu har shekara guda. An zage shi sosai, har yau masana na gardama a kai.

Ni dai a ganina ba taurin kan Mahathir kaɗai ya fid da su ba. Suna da masana'antun kayan lantarki a Penang, suna da manja. Da kuɗinsu ya yi arha, kayansu ya yi arha a kasuwar duniya, aka yi ta saye. Mu fa? Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe tun 2002, takwararta UNTL ta bi ta a 2007, Kakuri, unguwar masaƙun, ta yi tsit tun kafin guguwar ta iso. Shi ya sa da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, ɗan kasuwar Kaduna bai sami atamfar gida da zai tura waje ba. Ta Chana ce a shagonsa, kuma da dala ya sayo ta.