Yaron da Rikici Ya Jefo Cikin Birni

Assalamu alaikum. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka bari mu shiga magana.

Idan aka ce 'yan gudun hijira, abin da ke faɗo mana a rai tantuna ne jere a bayan gari. Amma a yau mafi yawan waɗanda yaƙi ya kora cikin birane suke, suna raɓe a ɗakin haya, ko a kango, ko gidan wani ɗan uwa da shi ma da ƙyar yake kai bakinsa. A sansani akwai rajista, an san yawan yara, an san wanda ba a yi wa rigakafin ƙyanda ba. A birni kuwa yaro sajewa yake da jama'a. Ka gan shi yana dako a tasha, ba ka san kwanan nan ya tsere wa harsashi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rabuwa da iyaye. A Ruwanda, a 1994, dubun dubatan yara suka ɓace wa iyayensu a hanyar gudu. Ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa da UNICEF da Save the Children suka shiga rubuta sunan kowane yaro, ana ɗaukar hotonsa ana kafewa a sansanoni, ana karanta sunaye a rediyo. To jariri fa, ko ɗan shekara biyu da bai iya faɗin sunan ubansa ba? Shi ya sa ake gaya wa ma'aikatan agaji, kada ku yar da rigar da kuka tsinci yaro da ita, komai dattinta da yagewarta. Wata rana uwa za ta zo, kamannin ɗanta sun sauya, amma rigar da ta sa masa da hannunta ba za ta ɓace mata ba.

'Yan uwa, kyakkyawar niyya ma tana cutarwa. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, an kama Amurkawa goma suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33, suna cewa marayu ne. Da aka bincika, yawancinsu iyayensu na raye. Talauci ne ya sa suka miƙa 'ya'yan. Sashe na 9 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita a 1989, ya hana raba yaro da iyayensa ba da son su ba, sai in zaman nasa da su ne ke cutar da shi. Kuɗin da za a kashe a gina gidan marayu, a ganina, gara a damƙa wa uwar ta biya haya ta riƙe ɗanta.

Haka batun tamowa. A da sai an kwantar da yaro a asibiti makonni, uwa ta bar sauran 'ya'yanta ba mai kula. Da aka samu abincin nan na musamman da ake haɗawa da gyaɗa da madara, wanda ba ya buƙatar dahuwa, sai jinya ta koma gida. A Nijar, a 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani, akasarinsu ta wannan hanya. Yanzu har iyaye mata ake koya wa awon dantse da ɗan zaren nan mai launi uku. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a garzaya da yaro asibiti ranar.

Na ga mai gabatarwa yana ɗaga mini hannu. Abu ɗaya ya rage. In Allah ya sa kun tsinci yaro shi kaɗai a lokacin tashin hankali, kada ku yi gaggawar ɗauke shi zuwa wani gari. Ku tambayi mutanen da ke wurin tukuna, ku rubuta inda kuka same shi da ranar, da duk sunan da ya ambata ko da na laƙabi ne, sannan ku kai bayanin ga masu aikin haɗa iyalai. Bismillah, wa ke da tambaya?