Sauya Insulin da Maganar Biro: Laifin Magani ne ko na Hannu?

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, na gode da kuka zauna har wannan lokaci. Na ga wasunku sun zo da biron allurarsu, wato na'urar nan mai kama da biro da masu ciwon sukari ke yin allurar insulin da ita, kamar yadda aka roƙa. Ku ajiye shi kusa, za mu dawo kansa.

Akwai wata magana da nake yawan ji a ɗakin duba marasa lafiya. Mutum ya yi shekara biyar yana allurar insulin iri ɗaya, ran nan ya je karɓar magani sai a miƙo masa kwali mai wani launi da wani suna. Bayan mako biyu ya dawo ransa a ɓace: "Likita, wannan sabon ba ya aiki, a mayar mini da nawa." Ba na musa masa cewa sukarinsa ya hau, tunda ga lambobin nan a rubuce. Abin da nake cewa shi ne ya ciro biron ya nuna mini yadda yake yi. Sau da yawa ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Bari mu ɗan koma baya. A 1921 aka gano insulin a birnin Toronto na Kanada, aikin Frederick Banting da Charles Best da abokan aikinsu, kuma a watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa. Da farko daga jikin shanu da aladu ake ciro shi. Sai a 1982 aka amince da Humulin, wanda ƙwayoyin bakteriya ke samarwa bayan an dasa musu umarnin yin insulin irin na ɗan Adam. Daga nan kasuwar ta taru a hannun kamfanoni uku, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, waɗanda ke riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na insulin ɗin duniya. Inda masu sayarwa uku ne kacal, mai saye ba shi da bakin ciniki. Wannan ne ya sa ake ta hanƙoron samar da abin da ake kira bayosimila, wato makamancin na asali.

Me ya sa ake cewa makamanci, ba a ce kwafi kai tsaye ba? Ƙwayar maganin sukari irin metformin ƙaramin sinadari ce, kowane kamfani zai iya haɗa ta daidai wa daida. Insulin kuwa furotin ne mai gaɓoɓi 51, kuma abu mai rai ke ƙera shi. Ɗauki glargine, wani nau'in insulin mai dogon aiki. Lantus na Sanofi, wanda ya fito a 2000, bakteriya ke yin sa. Semglee, makamancinsa daga kamfanin Biocon na Indiya, yis ke yin sa. Masana'antar daban, amma jerin gaɓoɓin ɗaya ne. Kafin a ba shi izini sai an gwada siffarsa, da yadda yake shiga jini, da tsawon aikinsa, da ko garkuwar jiki za ta yaƙe shi, an tabbatar babu bambancin da zai shafi mara lafiya. Turai ta amince da Abasaglar, wani makamancin Lantus, tun 2014. A Yulin 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta ce ana iya musanya Lantus da Semglee a kantin magani. Ni a ganina, indai hukuma mai tsauri ta tantance shi, ruwan da ke cikin biron ba shi ne abin tsoro ba. Yawanci ma adadin yunit ɗinka ba ya canzawa, goma sha takwas ta koma goma sha takwas.

Amma ku kula da abu ɗaya, don nan ake yin kuskure mai haɗari. Duba kwalin, za ka ga an rubuta U100, ma'ana yunit 100 a kowace mililita. Akwai Toujeo, shi ma glargine ne, amma U300 ne, ya ninka kauri sau uku. Wannan ba Ɗanjuma da Ɗanjummai ba ne, ba makamancin Lantus ba ne, kuma ba a sauyawa tsakaninsu sai likita ya sake lissafi. Kada kuma wani ya sa sirinji ya zuƙo insulin daga cikin irin wannan biro, zai iya ɗura wa kansa ninki uku bai sani ba.

To, yanzu ku ɗauko biron. Tun 1985 da NovoPen ya fito abin ya sauƙaƙa wa mutane rayuwa, sai dai kowane kamfani da irin nasa. Wani maɓallinsa taushi gare shi, wani sai ka danna da ƙarfi. Wani yana ƙara kas-kas a kan kowace yunit, wani shiru yake tafiya. Hannun da ya saba da ɗaya shekara da shekaru ba ya tunani, yi kawai yake. Akwai wata baiwar Allah da idonta ya yi rauni, ita da kunne take ƙirga ƙarar biron. Da aka sauya mata, sabon bai yi irin ƙarar da ta sani ba, sai ta riƙa sakin maɓallin tun lambar ba ta koma sifiri ba. Rabin maganin ne ke shiga. Insulin ɗin lafiyarsa ƙalau.

Ga yadda nake so kowa ya riƙa yi, ko da wane biro ne. Ka ɗaura sabon tsinken allura, ka murɗa yunit biyu ko adadin da takardar biron ta ce, ka ɗaga bakin sama ka danna. Dole ka ga ɗigo ya fito. In bai fito ba ka maimaita, in har yanzu shiru ka sauya tsinken, don yakan toshe ko ya lanƙwashe ta ciki inda ido ba ya gani. Na san wasu na ganin wannan asarar magani ce, musamman wanda ke lissafin kowace yunit daga cikin 300 ɗin da ke biron. Na fahimta. Amma iskar da ba ka fitar ba ita za ta ci gurbin maganin. Bayan ka soka ka danna har lambar ta koma sifiri, kada ka zare nan take. Ka ƙirga a hankali. Wani biron daƙiƙa biyar takardarsa ta ce, wani goma. In ka manta, ƙirga goma. In ka zare ka ga ruwa na bin fata, ka yi gaggawa ke nan. Sannan ka cire tsinken ka jefar a mazubi mai murfi. Barin sa a jikin biro na sa iska ta shiga, magani ya riƙa yoyo.

Sai wurin da ake sokawa. Ku shafa cikinku. Wanda ya ji wani tudu mai ɗan tauri a ƙarƙashin fata, to kitse ne ya taru saboda yawan suka a wuri guda. Mutane na son wurin don ba ya zafi, amma insulin ba ya shiga jini yadda ya kamata ta nan. Abin lura, ranar da ka koma fata mai lafiya maganin zai fi kama ka, sukari na iya faɗuwa, don haka a yi wannan sauyin da sanin likita.

Ajiya kuma, wanda ba a buɗe ba yana firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ya taɓa daskarewa ya mutu, ko da ya narke ya yi kyau a ido. Biron glargine U100 da aka fara amfani da shi kwana 28 ne, nesa da rana, ƙasa da digiri 30. Rubuta ranar da ka buɗe a jikinsa. Glargine garau yake kamar ruwa, in ka ga ya yi gajimare a jefar.

Wani daga baya yana tambaya, shin biro ba ya lalacewa ne? Yana lalacewa, Malam. Na'ura ce. Yakan faɗi ya tsage, maɓalli yakan cije. In ka sauya tsinke sau biyu ɗigo bai fito ba, ka ajiye shi, ka ɗauki wani, ka mayar da shi inda ka karɓa tare da kwalinsa, don lambar rukunin da ke jiki da ita ake bin sawun matsalar. Kuma a makonni biyun farko bayan sauyi, a ƙara yawan awon sukari, musamman da safe kafin a ci komai, a rubuta. Duk abin da ya sauka ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, ko ya ƙi sauka kwana da kwanaki, a zo da littafin da biron gaba ɗaya.

Hajiya, na ga hannunki a sama tun ɗazu. Kawo biron naki nan gaba mu gwada tare kowa ya gani.