Don Williams da Shekarunsa a Ɗakin Ɗaukar Waƙa

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai da sauran mahalarta, ina godiya da kuka zauna har zuwa wannan lokaci. Abubuwa uku na shirya kan Don Williams, mawaƙin Amurka na kiɗan karkara wanda ake kira kantiri, wato farkonsa, da yadda ya gina sautinsa, da kuma ƙarshen aikinsa.

Na farko ba zai ɗauke mu lokaci ba. An haife shi a 1939 a garin Floydada na jihar Texas. A 1964 ya shiga ƙungiyar mawaƙa uku mai suna Pozo-Seco Singers, suka yi fayafayai da kamfanin Columbia, da ƙungiyar ta watse sai ya koma sayar da kayan ɗaki. Ya riga ya haura shekara talatin lokacin da ya tafi Nashville, birnin da yake cibiyar kiɗan kantiri, kuma a matsayin marubucin waƙa furodusa Jack Clement ya ɗauke shi aiki, domin ya rubuta wasu su rera.

Na biyu shi ne inda zuciyata take, ku yi mini haƙuri idan na daɗe a kansa. A wancan zamani, yawancin fayafayan Nashville cike suke da kayan kiɗa: tarin goge irin na Turawa, da 'yan amshi masu yawa, da ganguna masu ƙarfi, har muryar mawaƙi takan yi ta kokawa kafin ta fito fili. Da Clement ya buɗe ƙaramin kamfaninsa na JMI, Williams da furodusa Allen Reynolds suka shiga ɗakin ɗaukar waƙa suka bi wata hanya dabam, suka riƙa rage kaya. Kundinsa na farko ya fito a 1973, kuma duk wanda ya saurare shi da kunnen basira zai ji jita ana kaɗa ta a hankali, da Kenny Malone yana taɓa ganga da tattausan hannu, da Lloyd Green yana jan jitar ƙarfe a baya, sannan muryar nan mai kauri tana zaune a tsakiya babu abin da ya danne ta. Ina so ku riƙe wannan, 'yan'uwa, domin ragewa ta fi ƙarawa wuya. Wanda ya cika faifai da hayaniya yana da wurin ɓoye rauninsa, amma wanda ya bar muryarsa a fili, kowane numfashi da kowane harafi za a ji shi. Na sake faɗa, kowane harafi za a ji shi.

A 1974 ya koma kamfanin ABC/Dot, a shekarar kuma ya samu waƙarsa ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri. Waƙoƙinsa 17 ne suka kai wannan matsayi, na ƙarshe a 1986. Abin da yake burge ni shi ne, ya ratsa kamfanonin MCA da Capitol da RCA, yayi ya yi ta sauyawa a Nashville, amma shi da Garth Fundis, wanda suka daɗe suna shirya fayafayai tare, ba su saki wannan natsuwa ba. Ko waƙar "Tulsa Time" ta 1978, wadda ta fi sauran sauri har Eric Clapton ma ya rera ta, ba za ka ji an ɗaga murya a cikinta ba. A wannan shekarar ce ƙungiyar masu harkar kiɗan kantiri ta Amurka, wato CMA, ta ba shi kyautar gwarzon mawaƙi namiji.

Abu na uku shi ne ƙarshen. Ya yi bankwana a 2006, ya dawo a 2010, shekarar da aka shigar da shi zauren karrama mawaƙan kantiri. Ya fitar da kundi biyu da kamfanin Sugar Hill a 2012 da 2014, ya rasu a watan Satumba na 2017 yana da shekara 78.

Na ga hannu a baya. Malama tana tambaya ko me ya sa mutanenmu, har da waɗanda Turancinsu bai yi nisa ba, suka rungume shi a rediyo da kaset. Malama, a ganina amsar tana cikin wancan ɗaki na 1973. Ba ya gaggawa, kalmominsa suna fita ɗaya bayan ɗaya, maganarsa kuma kan aure ce da amana da haƙuri, abin da magidanci zai iya kunnawa a gaban iyalinsa ba tare da jin kunya ba. Marubuta irin su Bob McDill da Wayland Holyfield ne suka rubuta da yawa daga cikin waƙoƙin, amma shi yake zaɓa, kuma ba ya ɗaukar abin da bai dace da bakinsa ba. Ya zo Afirka da kansa a 1997, ya yi wasa a Harare ta ƙasar Zimbabuwe, aka ɗauki wasan a bidiyo, kuma ina ba ku shawara ku nemi ku kalli yadda jama'ar wurin suka tarbe shi.