Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Lafiya Yayin Ziyararsa Ɗakin Binciken Maganin Gyambon Ido

Mai girma Minista, ranka ya daɗe. 'Yan tawagarsa masu daraja. Malamai, likitocin ido, masu harhaɗa magunguna da ɗalibanmu, assalamu alaikum.

A madadin duk ma'aikatan wannan ɗakin bincike, ina yi maka barka da zuwa, da fatan ka iso lafiya. Mun san hidimomin da ke kanka suna da yawa, shi ya sa muka ji daɗi matuƙa da ka ware wannan rana don cutar da ba ta cika shiga labarai ba.

Ranka ya daɗe, yawanci abin daga gona yake farawa. Manomi yana girbi, ganye ko tsinken kara ya karce masa ido, ya murza ya ci gaba da aikinsa. Bayan 'yan kwanaki ido ya yi ja, ga zafi, ga hawaye, haske ma ba ya so. Naman gwari ne, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, irin su Fusarium da Aspergillus da ke zaune a ƙasa da jikin tsiro, ya sami ƙofa ya shiga fatar nan mai garai-garai da ke rufe baƙin ido, ya yi gyambo. In an ci sa'a ya warke ya bar hakiya. In an makara ido ya huje. Wani nazari da ya fito a mujallar Lancet ta cututtuka masu yaɗuwa a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 ke kamuwa duk shekara, mafi yawansu a Asiya da Afirka, kuma kashi 8 zuwa 11 cikin 100 ana kai wa ga cire musu idon. Galibinsu masu jini a jika ne, waɗanda iyali suka dogara da ƙarfinsu.

Magani akwai, amma ya tsufa. Natamaisin, wanda har yau shi ne kan gaba, an gano shi a 1955 daga wata ƙwayar halitta da aka samo cikin ƙasa a yankin Natal na Afirka ta Kudu. Da aka gwada shi da sabon magani borikonazol a kudancin Indiya, sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna tsohon ne ya fi, musamman a kan Fusarium. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2017, amma har yanzu akwai ƙasashe da dama da likita zai rubuta shi a rasa inda za a samu.

Ko an samu, da sauran aiki. Natamaisin ba ya narkewa sosai a ruwa, ba ya kuma ratsawa can ciki inda gwarin ya kafa saiwa. Ido kuwa an halicce shi ne ya kori duk abin da ya faɗa masa: ƙiftawa da hawaye suna wanke ɗigon cikin mintuna, abin da ke shiga bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Tamkar ɗiban ruwa da kwando ne. Dole a ce wa mara lafiya ya riƙa ɗigawa kowace awa, dare da rana a kwanakin farko, sannan a ci gaba makonni. Wanda ya taɓa jinyar irin wannan ya san ba kowa ke iya jurewa ba, kuma ni ban ga laifin wanda ya gaji ba.

Nan aikinmu ya dosa. Muna neman abin da zai riƙe maganin a kan ido, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Akwai jel mai shiga ido a matsayin ruwa, ya yi kauri da ya ji ɗumin jiki. Akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ake yi da kitosan, sinadarin da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, mai manne wa fatar ido. Akwai kuma siririn gilashi mai taushi da ake ɗora wa ƙwayar ido bayan an jiƙa shi da magani. Kowannensu sai ya ci jarrabawa mai wuya: ya kashe gwarin, kada ya ƙona ido, kada ya dushe gani, ya kuma jure zafi ba tare da firji ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe a wurinmu ba ƙarami ba ne, domin maganin da ba zai kai ƙauye da ƙarfinsa ba bai kai ga mai buƙatarsa ba.

Ranka ya daɗe, ba za mu ce mun gama ba. Tsakanin kwanon gwaji da idon ɗan Adam akwai shekarun gwaji. Roƙonmu shi ne a taimaka natamaisin ya samu a asibitoci tun yanzu, a horar da ma'aikata su iya kankaro gyambon su duba a madubin likita, a kuma tsawatar kan sayar da ɗigon sitiroyid barkatai, domin yana kwantar da jan ido alhali yana ba gwarin damar yaɗuwa. Muna kuma fatan goyon bayan ofishinka idan lokacin gwaji a asibiti ya zo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya mayar da ku gida lafiya. Yanzu, da izininka, ɗalibanmu suna jira a ciki don su nuna maka aikin da hannunsu. Bismillah, ranka ya daɗe.