A. R. Rahman da Mani Ratnam: A Ina Masoya Suka Rarrabu?

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya a Kano ko Damagaram zai tuna Shah Rukh Khan yana rawa a kan rufin jirgin ƙasa a fim ɗin Dil Se na 1998. A. R. Rahman ne ya tsara wannan kiɗa, Mani Ratnam kuma ya ba da umarni, kuma tun daga fim ɗin Roja a 1992 daraktan bai sake ɗaukar wani makaɗi a finafinan da ya jagoranta ba. Shekaru sama da talatin ke nan, kuma har yau masoyansu ba su daidaita a kan wane aikin ne ya fi ba.

Jayayya mafi daɗewa tushenta ya girmi Roja. Kafin zuwan Rahman, Ilaiyaraaja ne ke yi wa Mani Ratnam kiɗa, kuma shi ya yi Nayakan a 1987 da Thalapathi a 1991, don haka akwai masu sauraro a jihar Tamil Nadu da suka tsaya a kan cewa daraktan ya saki gwanin da ya fi kowa iya sa kiɗa ya bi motsin zuciyar ɗan wasa. Magoya bayan Rahman kuwa sukan nuna cewa matashin da ya fito daga kiɗan tallace-tallace ya zo da tsabtar sauti da na'urorin da kunnen Indiya bai saba da su ba, har ya ci lambar yabo ta ƙasa da Roja, fim ɗinsa na farko.

A cikin masoyan Rahman ɗin ma akwai rabuwa. Da yawa sun ɗauki shekarun 1990 a matsayin ganiyarsa, suna kafa hujja da Bombay na 1995 da Dil Se, suna ganin abin da ya biyo baya ya yi sanyi, musamman bayan ya ci Oscar biyu a 2009 ayyukan ƙetare suka yi masa yawa. Wasu kuma suna cewa waƙoƙinsa na baya-bayan nan ba sa kama mutum a ji na farko, sai an yi ta maimaitawa suke shiga jiki, kuma sukan kawo Kadal na 2013, wanda bai yi kasuwa ba amma ana ta sauraron waƙoƙinsa.

A ganina, yawancin wannan muhawara a kan waƙoƙi kawai take tsayawa, alhali aikin makaɗin fim kashi biyu ne. Akwai waƙoƙin da ake fitarwa kafin fim, akwai kuma kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin labari, wanda mai kallo ba ya lura da shi sai an cire. Wanda ya saurari kiɗan taken fim ɗin Bombay, inda sarewa ke tafiya a hankali a fim ɗin da ke magana a kan rikicin addini na 1992 da 1993, zai ji abin da waƙar rawa ba ta iya ɗauka. Haka a Iruvar na 1997, inda Rahman ya koma salon tsofaffin finafinan Tamil domin labarin a wancan zamani yake, abin da ya sa masu neman sabon sauti ba su rungume shi da wuri ba.

Wannan saɓani ya sake fitowa da Ponniyin Selvan a 2022, labarin tsohuwar daular Chola ta kudancin Indiya. Wasu masoya sun yi gunagunin cewa an gutsuttsura waƙoƙin a cikin fim ɗin, ba a bar su sun cika ba, amma kiɗan ƙarƙashin labarin ne ya kawo wa Rahman wata lambar yabo ta ƙasa.