Sharhi: Ina masu digirin Bayokemistiri za su dosa a Zamfara?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Duk shekara, idan sakamakon JAMB ya fito, yara da yawa da suka nemi karatun likitanci ba sa samun gurbi, sai a tura su Bayokemistiri, wato ilimin sinadaran jikin halitta. Iyaye kan ce ba komai, ai shi ma aikin asibiti zai yi. A nan ne kuskuren yake, kuma ya kamata a faɗa wa yaro tun bai shiga aji ba.

A Najeriya, ba kowane mai digirin kimiyya ke da ikon gwada jinin majiyyaci ya sa hannu a kan sakamako ba. Dokar 2003 ta damƙa wannan ga MLSCN, hukumar da ke kula da masu aikin gwaje-gwajen asibiti, ita ke ba da lasisi, kuma tana ba wanda ya karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ne, karatun shekara 5 da horon shekara 1 a asibiti. Irin wannan ma'aikaci yana kan tsarin albashin ma'aikatan lafiya na gwamnati, wato CONHESS, akwai matakan ƙarin girma, akwai alawus. Idan ya ga bai ishe shi ba, sai ya yi rajista a Ingila ya tafi, kamar yadda wasu ke yi.

Mai Bayokemistiri kuwa shekara 4 ya yi, kuma wannan ƙofa a rufe take gare shi sai ya koma makaranta. Hanyoyinsa su ne hukumar NAFDAC, kamfanonin magani da na abinci, irin masana'antar shinkafa ta WACOT da ke Argungu a maƙwabciyarmu Kebbi, ko ya ƙara digiri na biyu da na uku ya koyar a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Guraben kaɗan ne. Shi ya sa za ka iske wanda ya ƙware a nazarin sinadarai yana koyarwa a makarantar kuɗi, albashinsa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Abin takaici ne ƙwarai.

Alhali babu jihar da ta fi mu buƙatarsu. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinare ta hallaka yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ne suka fara lura da yawan mace-macen, kuma sai da aka kai jinin yaran ƙasar waje kafin a tabbatar da dalma ce. Auna gubar da ke cikin ƙasa da ruwan rijiya da hatsi, ai aikin ɗan Bayokemistiri ne. Har gobe kuma ana haƙar zinare.

Don haka muna kira ga gwamnatin jiha ta samar da ɗakin gwaji na dindindin mai sa ido kan ruwa da abinci da wuraren haƙar ma'adinai, ta ɗauki 'ya'yan jihar nan aiki a ciki, ta biya su albashin da zai riƙe su. Shugabannin makarantun sakandare kuma ku zaunar da ɗalibai kafin su cike fom, ku bayyana musu bambancin waɗannan kwasa-kwasai biyu da inda kowanne ke kaiwa.