Creed II: Akta Ya Ci Dambe, Bos Ya Ci Fim

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Filadelfiya nake magana da ku, in kun ji muryata tana ɗan rawa, to sanyin garin nan ne. Matakalan da kuke gani a bayana guda 72 ne, na gidan adana kayan zane na birnin, su ne Sylvester Stallone ya hau da gudu a fim ɗin Rocky na 1976. Har gobe baƙi na zuwa su hau da gudu, su ɗaga hannu sama a ɗauke su hoto, da yawansu ko ƙofar gidan ba sa leƙawa. Bari in raɓe jikin bango, iska na damun makirfo.

Yau Creed II za mu baje a faifai, wanda ya fito a watan Nuwamban 2018. Kuma ina gaya muku tun yanzu, zan fasa ƙwai har ƙarshen fim. Wanda bai kalla ba ya dakata a nan, ya je ya kalla ya dawo, ban da ƙorafi daga baya.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane rigimar. A Rocky IV na 1985, Apollo Creed, tsohon zakaran duniya kuma aminin Rocky, ya shiga wasan nuni da wani ƙaton ɗan Tarayyar Sobiyet, Ivan Drago, a Las Vegas. Rocky na tsaye a kusurwar Apollo da tawul a hannu. A damben boksin, in mai horarwa ya ga za a halaka masa yaro, sai ya jefa tawul cikin fage, shi ke nan an sallama, wasa ya tsaya. Apollo ya riga ya roƙe shi kada ya jefa. Rocky ya yi jinkiri, Apollo ya cika a hannunsa. Ku riƙe maganar tawul ɗin nan da kyau. Daga baya Rocky ya bi Drago har Mosko ya doke shi a gaban mutanensa. Zamanin yaƙin cacar baka ne, saboda haka ba a damu a mai da Drago mutum ba. Dodo aka gina, ba fara'a, ba tausayi, maganarsa a duk fim ɗin ba ta taka kara ta karya ba.

Shekara 30 bayan nan Ryan Coogler ya yi Creed na farko, labarin Adonis, ɗan da Apollo ya samu a waje, wanda aka haifa bayan mutuwar uban. Michael B. Jordan ne ya fito a Adonis, fim ɗin ya yi kyau har Stallone ya shiga jerin 'yan takarar Oscar. Da aka zo na biyu, Coogler ya shagala da Black Panther, sai aka miƙa wa Steven Caple Jr., wanda wannan ne babban fim ɗinsa na biyu kacal. Labarin kuwa ko yaro zai iya cankarsa: ɗan Apollo zai kara da ɗan wanda ya kashe Apollo.

Ranar da na ji haka cewa na yi kasuwa suke nema, an tono tsohon kabari don a sayar da tikiti. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Amma fim ɗin yana da wani abu mai nauyi a cikinsa, sai dai ba a gidan akta yake ba. A gidan bos yake.

Ba a Amurka aka buɗe fim ɗin ba. A Kiyef aka buɗe, babban birnin Yukren, cikin wani ɗan ƙuntataccen gida. Ivan ya tsufa, fuska ta yamutse. Yana tashin ɗansa Viktor da sassafe, ba lallashi, yaro ya fita gudu, uba na bin sa a baya da mota yana matsa masa lamba. Da rana Viktor aikin ƙarfi yake yi, da dare ya je ƙananan wuraren dambe yana kifar da mutane. Kusan ba a cewa uffan, amma ka gama gane komai. Tun ranar da Rocky ya kayar da Ivan ƙasarsa ta juya masa baya, matarsa Ludmilla ta tafi ta bar shi da ƙaramin yaro, shi kuma ya raini yaron da abinci ɗaya, wato ƙiyayya. Dolph Lundgren da ya fito a Ivan, wanda a 1985 jikinsa kawai aka ɗauka haya, a nan da ido yake wasa. Florian Munteanu da ya fito a Viktor ɗan dambe ne ɗan asalin Romaniya da ya tashi a Jamus. Ƙato ne na gaske, amma duk sanda ya juya ya dubi ubansa, yaro kake gani mai jiran a ce masa ya kyauta.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne. A gida dambe gadon Rundawa ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya san akwai yaron da yake ɗaura zare a hannu don sunan gidansu, ko da zuciyarsa tana wani wuri. Viktor irin wannan yaron ne, sai dai shi abin kunya ya gada, kuma aka ce ya je ya wanke da jininsa.

Akwai fitowar da Ivan ya zo garin nan ya sami Rocky a gidan abincinsa. Wurin da aka ɗauka yana nan a kudancin birnin, Victor Cafe, inda masu kawo abinci suke tsayawa su rera waƙar opera. Ivan ya zauna yana duba hotunan dambe da ke jikin bango, ya lura babu nasa ko ɗaya. Tsofaffi biyu, tebur a tsakani, ba wanda ya ɗaga hannu. Wallahi ta fi wasu daga cikin damben fim ɗin tayar da tsikar jiki. Haka walimar da manyan Rasha suka shirya wa Viktor bayan ya yi suna. Ludmilla ta shigo da sabon mijinta cikin ƙasaita, Viktor ya tashi ya fice a fusace, yana tuhumar ubansa don me suke neman yardar mutanen da suka yasar da su. Ivan kuwa ya kasa daina nema. A nan ka san wanda ya fi ciwo a cikin su biyun.

To mu dawo wajen akta, inda matsalata take. Adonis ya ci kambun duniya tun farkon fim, yana da kuɗi, yana da masoyiyarsa Bianca, yana da uwar riƙo mai ƙaunarsa. Me zai kai shi gaban Viktor? Rocky ya tambaye shi, ya kasa ba da amsa, har Rocky ya ƙi horar da shi. Mary Anne, matar Apollo da ta raine shi, ta ce masa kada ya fake da sunan ubansa. Da kyau, tambaya ta yi. Amma har aka tashi fim ban ji an ba ta amsar da ta ƙoshi ba. Ramuwa ce? Girman kai ne? Tsoron a ce bai cancanci kambun ba? An taɓa kowanne an saki. Kuma yaron ya cika fushi da ƙunƙuni a rabin farko, har ka fara jin haushinsa. Jordan ya iya wasa, ba laifinsa ba ne, rubutun ne ya bar shi yana zagaye wuri ɗaya.

Ga kuma tsarin labarin, wanda kwashe-kwashe ne daga tsofaffin finafinan gidan. Neman aure da haihuwa daga Rocky II. Zakara ya sha kashi a hannun mayunwacin abokin karo, ya koma wani wuri ya sake koyon dambe, ya dawo ya rama, wannan Rocky III ne. Tafiya Rasha kuma Rocky IV, sai dai an musanya ƙanƙara da hamadar Kalifoniya. Atisayen hamadar yana da daɗin kallo, ban musa ba, da saran ƙasa da guduma da sa ƙafa cikin taya ɗaya ana musayar naushi. Amma tun kafin ya faɗi a kan titi ka san zai tashi, ka ma san daidai inda kiɗa zai ɗaga.

Masu bin boksin da gaske kuma akwai abin da zai tsaya musu a wuya. A fim na farko Adonis a ajin da iyakarsa kilo 79 yake. A na biyu kawai sai ga shi zakaran ajin masu nauyi, inda ake farawa daga sama da kilo 90, ba tare da wani bayani ba. Wanda Adonis ya karɓe kambun daga hannunsa ma Andre Ward ne ya fito a matsayinsa, zakaran gaske da ya yi ritaya a 2017 ba a taɓa doke shi ba, amma shi ma bai taɓa dambe a ajin masu nauyi ba. Sai a tsayar da Jordan kusa da Munteanu a ce aji ɗaya suke. Haba. Sannan tsaron kai kusan babu, fuska a buɗe ana ta zuba mata, irin dukan da alƙalin wasa na gaskiya zai tsayar tun a turmi na uku. A garin da ya fitar da Joe Frazier, wanda ya fara doke Muhammad Ali a 1971, mutane sun san dambe. Ko da yake garin ma yana da nasa abin kunyar: mutum-mutumin Rocky, ɗan damben da aka ƙirƙira, ya riga na Frazier da fiye da shekara 30, sai a 2015 aka kafa nasa.

Ɗaukar hoton ma ta ja baya. A na farko akwai damben da Coogler ya ɗauka a ja ɗaya ba yankewa, kyamara na zagaya su kamar kai ma kana cikin fage. A nan yanke-yanke ne da rage gudu, ga masu sharhin talabijin suna ta fassara maka abin da idonka ya riga ya gani. Mai shirya wasan da ya haɗa rigimar, da farko kamar shi ne shaiɗanin labarin, sai ya narke ba a sake jin ɗuriyarsa sosai ba. Ludmilla kuwa ba a ba ta komai ba sai taƙama da murtuke fuska.

Inda gidan Adonis ya taɓa ni, ba a fage ba ne. Bianca, wadda Tessa Thompson ta fito a matsayinta, mawaƙiya ce da jinta yake raguwa a hankali. Adonis ya durƙusa ya gama zuba kalaman neman aure, ashe ta cire na'urar jinta, ba ta ji ko ɗaya ba. Ka yi dariya. Sai aka haifi 'yarsu Amara, aka kai ta gwajin ji. Yana tsaye yana kallon na'ura, Bianca na kallon fuskarsa don ta karanta sakamako, hawaye ya gangaro masa. Duk wanda ya taɓa zaman jiran sakamakon yaro a asibiti, musamman a ƙasar da ba dangi kusa, ya san wannan shirun. Karon farko a Brooklyn ma sun yi dabara: Viktor ya ragargaza masa haƙarƙari da ƙoda, amma ya nausa shi bayan ya durƙusa, aka soke wasansa. Adonis ya riƙe kambu yana kwance a gadon asibiti, kowa ya san wanda ya ci. Wannan ya fi a ce an doke shi kai tsaye zafi.

Sai karo na biyu a Mosko, turmi na 10. Viktor bai saba wasa ya yi nisa ba, ya gaji, an kai shi ƙasa sau biyu. Ludmilla ta ga alamar faɗuwa, ta tashi ta fice, daidai abin da ta yi wa uban. Viktor ya hango kujerar ba kowa. Ya miƙe duk da haka, hannu ya ƙi ɗaguwa, naushi na sauka a kansa. Ivan yana tsaye da tawul. Mutumin da ya yi shekara 33 yana jiran wannan daren, wanda nasarar nan ce kaɗai za ta mayar masa da sunansa, shi ne ya jefa. Abin da Rocky ya kasa yi wa amininsa, wanda ya kashe aminin ya yi wa ɗansa. Ya shiga ya rungume yaron yana ce masa ba komai. A wajena don wannan minti ɗaya aka yi fim ɗin gaba ɗaya, kuma saboda shi na yafe musu maganar kilo da ta hamada. Daga baya an nuno su a Kiyef suna gudun safe, wannan karon uban a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa.

Shi ya sa nake jin takaicin yadda aka raba lokaci. Fim ya haura awa biyu, amma in ka tattara fitowar Ivan da Viktor ba ta da yawa. Har akwai wadda aka ɗauka aka cire, inda Adonis ya bi Viktor ɗakin canza kaya bayan wasa ya yi masa magana. Da ni ne mai almakashi, sharhin 'yan talabijin zan rage in bar wannan. Rocky dai an sallame shi da mutunci: ya ƙi shiga fage a yi murna da shi, ya ja kujera ya zauna a waje, daga baya ya tafi Kanada ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗansa Robert da suka daɗe ba sa magana. A Creed III na 2023 bai fito ba sam. Viktor ya ɗan leƙo a can, amma an karya masa hannu tun da wuri don a buɗe wa sabon bos hanya, daga baya aka mai da shi abokin atisayen Adonis. Ivan ko inuwarsa babu.

In za ku kalla, kada ku fara da shi. Ku nemi Rocky IV tukuna, ko da rabin farko ne zuwa mutuwar Apollo, in ba haka ba tawul ɗin Mosko tsumma kawai za ku gani. Yatsuna sun fara ƙagewa, kyamara na neman suɓucewa. Sai mun haɗu a na gaba, in Allah ya kai mu.